Bonet, Shok Biyu da Guntun Rodi

Ranar da bonet ɗin motata ya faɗo mini a ka, safiya ce ta watan Janairu a Kano, irin wadda hazo yake rufe gari har mutum ba ya iya hango ƙarshen layinsu. Na fito bayan sallar asuba domin in duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin mu kama hanyar Zariya. Na ja sakatar bonet daga cikin mota, na zagayo na ɗaga shi kamar yadda na saba, ya tashi ya tsaya, ni kuwa na sunkuya na zaro gejin mai ina goge shi da tsumma. Ban ji wata ƙara ba. Abin da na fara ji shi ne wani nauyi mai sanyi ya taɓa mini ƙeya a hankali, kafin in ankara ya danne ni gaba ɗaya har goshina ya bugi murfin injin. Hular da ke kaina ce ta tare mini ƙugiyar makulli, wadda da ta same ni kai tsaye da sai an yi ɗinki. Na fito da baya ina salati, ɗana na fari kuwa, da yake tsaye riƙe da jarkar ruwa, ya rasa ko sannu zai yi mini ko dariya, daga ƙarshe ya haɗa duka biyun.

Gaskiyar magana, abin ya daɗe yana yi mini gargaɗi, ni ne na yi ta kau da kai. Motar 'yar Kwatano ce ƙirar 2004, kuma tana cikin irin motocin da ba su zo da sandar tokare bonet ba. Maimakon haka akwai wasu siraran bututu guda biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda suke ɗaga bonet su riƙe shi a sama da kansu. Kanikawa suna kiransu shok ɗin bonet saboda kamanninsu da shok ɗin taya, ko da yake aikinsu ba ɗaya ba ne. Lokacin da na sayi motar da yatsa biyu nake ɗaga bonet, in na kai shi rabi sai ya ƙarasa da kansa. Daga baya ya zamana sai na raka shi har ƙarshe, sannan ya zamana in na sake shi sai ya sauko kamar taƙi guda kafin ya tsaya. Na kuma lura da danshin mai a jikin shok ɗin hagu, wanda ƙura ta manne masa ta zama baƙin datti. Duk na ga wannan, amma tunda dai bonet yana tsayawa, kullum sai in ce sai gobe.

Da na dawo daga Zariya na wuce gareji kai tsaye, da misalin ƙarfe biyu na rana. Bakanikena ya ɗaga bonet ya sake shi, sai ya tsaya ƙyam kamar bai taɓa laifi ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai lafiyarsa ƙalau." Sai da na ture hula na nuna masa goshina sannan ya daina musu, amma shi ma bai iya gaya mini dalilin da abu zai faɗi da asuba ya kuma tsaya da azahar ba. Wannan ne ya sa na zauna na nemi sanin yadda shok ɗin yake aiki.

Ashe babu sifirin ko ɗaya a cikin bututun. Iskar naitirojin ce aka matse a ciki da ƙarfin gaske, tare da ɗan mai kaɗan, sai kuma wata sandar ƙarfe mai sulɓi da take shiga tana fita ta tsakiyar robar da ta toshe bakin bututun. Iskar ce take turo sandar waje, kuma ana rubuta yawan ƙarfin turawar a jikin bututun da lamba tare da harafin N, wato niyutan. A jikin nawa 300N aka rubuta, wanda ya yi daidai da tura nauyin kilo 30 ko kusa da haka. Fasahar ba sabuwa ba ce, domin kamfanin Stabilus na birnin Koblenz a Jamus ya fara ƙera irin waɗannan da yawa tun 1962. Sai dai rayuwar shok gaba ɗaya ta rataya ne a kan waccan 'yar robar bakin. Duk lokacin da sandar ta koma ciki ɗauke da ƙurar hunturu sai ta karce robar kaɗan, zafin injin kuma yana busar da ita, iskar tana silalewa sannu a hankali ba ƙara ba wari, kuma yawancin na mota a rufe suke, ba su da bakin da za a ƙara musu iska kamar taya.

Batun sanyi ne ya warware mini abin da ya faru a gareji. Iskar da ke kulle a cikin bututu tana ƙara ƙarfi in ta ɗumama, tana kuma raguwa in ta yi sanyi, ta yadda duk digiri 10 da zafi ya sauka, shok yana rasa kimanin kashi 3 da rabi cikin ɗari na ƙarfinsa. Tsakanin tsakar ranar Afrilu, lokacin da Kano take kaiwa digiri 40, da asubahin Janairu, lokacin da takan sauko ƙasa da 15, bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin goma. Sabon shok ba ya jin wannan domin yana da rara, amma wanda ya riga ya tsiyaye, wannan ɗan ragin shi ne yake ƙarasa shi. Nawa sun kwana a cikin sanyi suka kāsa, sannan suka sha ɗumin injin tun daga Zariya suka farfaɗo, shi ya sa suka ƙaryata ni a gaban bakanike.

A makonnin da suka biyo baya na koma ga abin da kowa yake yi, wato neman sanda. Na fara da sandar mofa, ta yi gajarta, sai na koma wa wata tsohuwar taɓarya da ta tsage, wadda tsawonta ya yi daidai kamar don haka aka sassaƙa ta. Uwargida ta gan ni ina saka ta a but ta ce, "Maigida, yau kuma motar ce za ta yi mana daka?" Aibin sandar itace ba rashin ƙarfi ba ne, zamewa ce. Ƙasanta yana zaune a kan ƙarfe mai maiƙo, samanta yana dafe da fenti mai sulɓi, babu abin da ya riƙe ta sai nauyin bonet ɗin, kuma in injin yana aiki yana karkarwa za ka ga tana matsawa kaɗan-kaɗan. Wani yaron gareji ya nuna mini dabararsu ta damƙe sandar shok da filaya mai kulle kanta domin kada ta koma ciki, amma haƙoran filayar suna barin tabo a jikin ƙarfen, tabon kuwa shi yake ƙarasa yayyaga robar.

Tunanina na farko shi ne in sayi wasu shok ɗin in huta. Na samo 'yan Beljiyam guda biyu, wato waɗanda aka ciro daga jikin wata motar a waje. Mai shagon ya kafa ɗaya a ƙasa ya danna shi da nauyinsa, ya nuna mini yadda yake ƙin komawa, na gamsu na biya. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, a kayan Beljiyam akwai waɗanda shekaru ba sa yi wa illa sosai, kamar ƙofa ko gilashi, akwai kuma waɗanda shekaru ne suke cinye su ko ana amfani da su ko ba a yi, shok kuwa yana cikin na biyun. Sa'an wanda na cire na sayo. Sun raka ni bazara da damina, amma da sanyi ya sake shigowa a Disamba sai ga bonet yana rusunawa kamar mai gaisuwa.

Karo na biyu na ce sabbi nake so. Aka ba ni wasu a cikin leda mai ƙyalli, babu lambar ƙarfi a jikinsu, mai sayarwa ya ce suna shiga kowace mota. Sun shiga ɗin kuwa, amma sun fi ƙarfin bonet ɗina. In na ɗan ɗaga sai ya fizge daga hannuna ya bugi ƙarshen hinji da ƙara, in zan rufe kuma sai na rataya a jikinsa. Cikin wata guda gefen dama na bonet ya ɗago sama da fenda har yatsa yana shiga tsakaninsu, bayan wata huɗu kuma shok ɗin daman ya fara zubar da mai, ya bar na hagu yana turawa shi kaɗai, bonet ya riƙa tashi a karkace. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ban ce babu shok na ƙwarai a kasuwa ba. Akwai, kuma wanda ya samu na asali mai tsawo da lambar da suka dace da motarsa ya fi ni dabara. Ni dai na gaji da dogaro da abin da ba na iya gane lafiyarsa da ido.

Shawarar sanda ta zo mini ne a wajen wankin mota, inda na ga wani direban haya ya buɗe bonet ɗin Toyota Corolla, ya ɗago wata siririyar sanda daga gaban injin, ya saƙala ta a wani rami ya ci gaba da harkarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sirantarta, domin ba ta fi kaurin fensir ba, alhali ni shok biyu masu ƙarfin kilo 30 kowanne suna fama. Da na tsaya na duba da kyau sai na gane cewa maganar tana wurin da aka kafa kowanne. Shok yana kama bonet kusa da hinji, inda nauyi yake ninkuwa, kamar mai son tura ƙofa ta gefen da take rataye. Sanda kuwa tana kama shi can gaba kusa da baki, inda yaro ma zai iya riƙe shi da hannu ɗaya.

Wata Asabar a ƙarshen Afrilu muka fara aikin ni da ɗana, kuma da cire shok ɗin muka fara. Kowane ƙarshen shok yana da wani kai mai rami da ya hau kan wata 'yar ƙwallon ƙarfe a jikin mota, sai wani siririn zobe mai ɗamewa da yake hana shi fita. Ana sa bakin sukudireba mai faɗi a ɗan ɗaga zoben, ba sai an cire shi ba, sannan a ja shok ɗin gefe ya zare. Aikin minti biyu ne, amma ba a yin sa sai da wanda zai riƙe bonet, domin ko shok ɗin da ya mutu yana ɗauke da wani kaso na nauyin. Da na zare na biyu sai yaron ya ce, "Abba, ashe haka yake da nauyi!" Na bar 'yan ƙwallayen a wurinsu ko wata rana zan sake shawara. Tsofaffin shok ɗin kuwa ban bar su a tsakar gida ba, ban kuma jefa su bola ba, domin akwai sauran iska a matse a cikinsu, kuma in aka yanka su ko suka faɗa cikin wuta suna iya fashewa. Gareji na kai su, na kuma ja kunnen yaran kada su miƙa su ga 'yan gwangwan ba tare da bayani ba.

Daga nan na yi wani abu da ya ba mutanen gida dariya. Na ɗora katako a kan ƙarfen da ke bisa lagireto, na ɗora sikelin awon nauyi na gida a kan katakon, na kafa taɓarya a kai ta tokare bakin bonet, sannan na cire nauyin taɓaryar daga abin da sikelin ya nuna. Abin da ya rage kimanin kilo 7 ne kacal. Wannan shi ne duk nauyin da sandar za ta ɗauka.

Awo ya fi komai cin lokaci, domin sanda ɗaya tana da tsawo biyu da dole su dace, tsawonta a tsaye da tsawonta a kwance. A tsaye, ina son bonet ya tashi yadda zan sa kai ba tare da duƙawa sosai ba, amma kada ya kai ƙarshen hinji, kada kuma gefensa na baya ya taɓa waifa. A kwance, dole ta sami wurin kwana a gaban injin, bonet ya rufu a kanta. Ban huda komai ba. Cikin bonet yana da wasu haƙarƙarin ƙarfe da aka manna wa fatar waje domin ƙarfafa ta, kuma suna da ramuka tun daga kamfani, sai na zaɓi ɗaya da yake kan haƙarƙari mai kauri, kimanin taƙi guda daga baki, kusa da tsakiya gwargwadon iko domin kada bonet ya riƙa murɗewa. Na guji huda ne saboda tsakanin haƙarƙarin da fatar waje babu nisa, hannu ya ɗan zarce sai ka ga bakin abin hudar ya fito ta sama, ga kuma tsatsa da take bin duk sabon rami. A ƙasa na sami wani noti mai lamba 10 a kan ƙarfen lagireto, wanda zai riƙe ɗan ƙarfen da sandar za ta riƙa juyawa a ciki. Na ɗauko waya mai kauri na lanƙwasa ta yadda nake so, na tayar na kwantar har ta dace. Tsawonta ya kama santimita 78.

A Kasuwar Ƙofar Ruwa ana sayar da rodi ne da tsawonsa na mita 12, ni kuwa abin da nake nema bai kai mita guda ba, don haka na nufi wajen wani dattijo mai walda a bayan layinmu, wanda ba a rasa guntaye a gindin bangonsa. Na nuna masa wayar na yi masa bayani. Ya janyo wani rodin gini mai zane, mai kaurin milimita 12, ya ce, "Malam, ga wannan, ko raƙumi aka ɗora masa ba zai lanƙwashe ba." Na ce, "Baba, ba raƙumi zan ɗora ba, kilo 7 ne." Na ƙi rodin gini saboda zanensa yana kankare fenti yana cin roba, yana da wuyar lanƙwasawa da tsabta, ga nauyi da zai riƙa ƙara a kan hanya. Na kuma riga na yi lissafi a gida. Sandar da aka tokare abu da ita ba karyewa take yi ba, gantsarewa take yi a tsakiya, kuma juriyarta tana bin kauri sosai, har in ka ninka kaurin sau biyu juriyar tana ninkuwa sau 16. A tsawon santimita 80, miƙaƙƙen ƙarfe mai milimita 6 yana fara gantsarewa a wajen kilo 20, mai milimita 8 a wajen kilo 60, mai milimita 10 kuwa a wajen kilo 150. Mai 6 ya yi mini kusa da gaɓa, musamman in wani ya dafa bonet, mai 10 kuma ya wuce buƙata. Muka tono wani sumul mai milimita 8 da ya rage daga aikin taga.

Dattijon ya saurari lissafina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ɗauki wayar ya dubi samanta ya ce, "To na ji, Malam. Amma wannan bakin naka a miƙe yake. Bari in yi maka ƙugiya." Na ce a'a, so nake ta shiga ta fita cikin sauƙi, ya dai yi mini waldar washa guda, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, a ƙasa da bakin da santimita biyu, domin bonet ya zauna a kanta kada bakin ya zarce ya tokari fatar waje. Ya ce, "Motarka ce." Ya gasa ƙasan sandar da wutar gas har ya yi ja, ya lanƙwasa shi kwana guda a kan guntun ƙarfen dogo da yake amfani da shi a matsayin uwar maƙera, ya ajiye ya huce da kansa. Da na ce ya tsoma a ruwa mu yi sauri sai ya ƙi, ya ce ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, in ka shayar da shi ruwa yana ja, yana iya yin tauri ya karye a kwanar. Duk waldar a kan teburinsa aka yi ta, nesa da mota, domin ba na son tartsatsi kusa da tiyon fetur, ba na kuma son wutar walda ta bi ta kwamfutar mota.

A gida na ɗaura ɗan ƙarfen da notin nan, na zura ƙasan sandar a ciki tare da guntun tiyo domin kada ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, na kulle bayansa da washa da 'yar ƙusa mai raba biyu. Kafin in rufe bonet da ƙarfi, na murza laka dunƙule uku na ɗora a kan sandar tana kwance, na sauke bonet a hankali har ya kulle, sannan na buɗe na duba. Biyu sun ɗan baje, na ukun kuwa ya zama kamar waina, alamar cewa a wurin bonet yana gab da taɓa ƙarfe. Na ɗan sauke maƙalin da ke riƙe sandar, wanda na samo daga jikin wata mota da aka farke, na sake gwadawa har lakar ta fito da kaurin yatsa.

Rewayan garejinmu, wato mai gyaran wutar mota, shi ne ya hango abin da ni ban gani ba. Ya dubi inda bakin sandar yake kwana ya ce, "Alhaji, yatsa biyu ne tsakaninta da kan batir." Kan mai alamar tarawa yake nufi. Jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da ɗaya kan batirin, sandar kuma a ɗaure take da jikin mota, saboda haka ranar da ta fita daga maƙalinta a kan gargada ta taɓa wannan kan, wutar batir za ta bi ta cikinta kai tsaye, ta yi ja, gobara kuma ta tashi. Muka mayar da gindinta ɗaya gefen ta yadda bakinta yake kwana nesa da batir, da fanka, da fanbel, muka sa wa kan batirin murfin roba. Na kuma zura wa tsakiyar sandar tiyo mai tsawon taƙi, domin na gano da tafin hannuna cewa ƙarfen da ya kwana a bisa lagireto bayan doguwar tafiya ba a kama shi haka nan.

Wata guda ina jin daɗin abina, har na fara nuna wa abokai. A farkon Yuni, wata la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, motar kuma tana fuskantar gabas ɗin a ƙofar gida, bonet a buɗe, ɗana yana zuba ruwan wanke gilashi. Iskar da take gabatar ruwa ta taso da ƙura da ledoji, ta shiga ƙarƙashin bonet ta ɗaga shi. Ba ta ɗaga shi da yawa ba, santimita biyu kawai take buƙata, domin iyakar abin da ya shiga ramin ke nan. Ina kallo bakin sandar ya fita, ta karkata, bonet ya sauko a kanta da duk nauyinsa, ya zame, ya rufe da ƙarar da ta fito da maƙwabta. Yaron ya riga ya ja da baya yana kare idonsa daga ƙura, ita ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsa. Mazurarin da yake hannunsa ya bari a ciki ya farfashe, bakin sandar kuma ya tokari fatar bonet daga ciki ya fito da ƙullutu kamar ƙwallon goro. Na yi lissafin nauyin da ke dannawa ƙasa har da sikeli, ban taɓa tunanin abin da zai ɗaga sama ba, alhali ko tsohon shok yana riƙe da bonet ta sama da ta ƙasa.

Washegari na kwance sandar na koma wajen dattijon. Ya karɓa ya juya ta, ya dubi bakin da ya ɗan karkace, bai ce mini komai ba sai, "Sannu, Malam. Yaron dai lafiya?" Ya yanke tsohon bakin, ya ƙara guntu, ya yi masa lanƙwasa biyu a jere, ta farko zuwa gefe, ta biyu zuwa sama, ta yadda sai an ɗan karkata sandar sannan bakin yake shiga ramin, in ya shiga kuma kafaɗarsa tana kwanciya a bayan haƙarƙarin. Yanzu in ka ɗaga bonet sandar biyo shi take yi, gindinta ya riƙe ta, ba ta fita sai ka ɗaga da hannu ɗaya ka murɗa ta da ɗayan. Na gwada ta hanyar girgiza bonet sama da ƙasa da iya ƙarfina, ba ta motsa ba. Sai a lokacin na tuna cewa bakin sandar Corolla ɗin nan ma a lanƙwashe yake, na gan shi da idona, kaurinta kawai na tsaya kallo. Na goge sandar da sanfefa, na shafa mata jan fentin hana tsatsa, na bi da baƙi, na bar bakin da rawaya domin a riƙa ganinsa da dare. Duk da haka na daina barin bonet a buɗe in hadari ya taso, kuma in zan daɗe a kansa nakan juya motar ta ba iska baya.

Akwai abin da na rasa, ba zan ɓoye ba. Buɗe bonet ya koma aikin hannu biyu, uwargida kuma ta ce ita ta bar mini shi. Wanda bai san motar ba yakan ɗaga ya saki yana zaton zai tsaya, kamar yadda wani yaron wankin mota ya yi har ya kusa datse yatsunsa, shi ya sa na rubuta "A SA SANDA" da farin fenti a cikin bonet, daidai inda ido yake fara sauka. Sandar ta ga hunturu guda tun daga lokacin, kuma abin da take yi da asuba shi take yi da azahar.

Makon jiya na lura murfin but ya fara saukowa taƙi guda in na sake shi, shi ma da irin waɗannan shok ɗin yake tsayawa. A can sanda ba za ta yi ba, domin za ta tare wa kaya hanya, kuma but ana buɗe shi sau goma kafin a buɗe bonet sau ɗaya. Na goge ƙurar da ke jikinsu na kwafe lambar ƙarfin, na auna tsawonsu daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai suna miƙe, na rubuta a takarda na sa a aljihu, na kuma mayar da taɓaryar cikin but kafin in sami masu lamba.